Yadda ake kayan ado da na wasan yara da kara, kaba da duma idan kaka ta yi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk shekara in aka shiga Nuwamba aka fara yankan dawa sai in tuna ɗakin kakata a ƙauye, bangon nan nata cike da faifai kala kala da ƙore masu zane, kuma babu ko ɗaya da ta ciro kuɗi ta saya, abin da Allah ya zubar a gona da bakin fadama ne kawai take tsintowa ta zauna ta haɗa. A wajenta na koya, kuma har yau ina yi ni da yarana, shi ya sa nace bari in rubuto yadda ake yi ko wata zata amfana tun kafin kayan su ƙare a gonaki.

Abin da nake so ki riƙe tun farko shi ne aikin nan rabinsa lokaci ne, ba gwanintar hannu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kayan da zaki yi aiki da su a Disamba da Janairu tun yanzu ake tara su, in kika bari hunturu ya kankama iskar nan ta busar da komai ƙarau to kara zai dinga karyewa a hannunki, kaba ta dinga tsagewa, sai ki ɗauka baki iya ba alhali kayan ne suka wuce lokacinsu.

Tattara kaya

Da farko karan dawa. Na dawa nake nufi ba na gero ba, na gero siriri ne ga ƙaiƙayi, cikinsa kuma baya riƙe tsinke yadda ake so. Ki zaɓi mai kauri wanda ya bushe a tsaye, ba wanda ya kwanta a ƙasa gara ta fara ci ba, ki haɗa da sille wato siririn nan na can sama da zangarniya ke zaune a kai, yana da amfani sosai. Amma dan Allah a tambayi mai gona. Kara yanzu kuɗi ne, da shi ake darni, da shi ake girki, dabbobi ma shi suke ci da rani, kar a tura yara su je su ɗebo haka kawai a jawo magana. Yawanci in kika ce na wasan yara ne za a baki rungume ɗaya kyauta. Kuma in an je ɗauka daga inda aka tara shi a fara bubbuga wa da sanda, kunama da maciji suna son kwanciya a ƙarƙashin tarin kara.

Sai kaba, ganyen goruba tun tana ƙarama. Mutanen Katsina da Jigawa da Yobe da 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram basu da matsalar wannan, a jihar Maraɗi ma har kwari guda ake kira Gulbin Kaba. Wadda ake so ita ce sabuwar nan ta tsakiya da bata gama buɗewa ba, ita ce ke fitowa fara tas in ta bushe. A ciri ɗaya ko biyu daga kowane gindi a bar sauran, in aka kwashe tsakiyar duka an cuci bishiyar. Wadda ke birni kuma ta leƙa kasuwar ƙauye mafi kusa ko Kurmi in a Kano take, ana sayar da ita a ɗaure.

Sauran kayan tsintuwa ne: doguwar ciyawa busasshiya irin wadda ake tsintsiya da ita, zangarniyar dawa da aka samu wajen kala, sakaina, ƙwallon goruba da yara suka gama gwaguya, 'ya'yan tsamiya. Abu ɗaya da zan roƙe ki, idon zakara, ɗan jan nan mai ɗigon baƙi, kyakkyawa ne matuƙa amma guba ne mai kisa, kar ki huda shi, kar ki bar yaro ya taɓa shi ma.

Rina kaba

Nan ne zan ɗan daɗe don nan mutane suka fi ɓata aiki. Ki tsaga kabar da allura ko farce siri siri, faɗin kamar rabin santimita, ki cire ƙashin nan mai tauri na gefe ki ajiye shi daban kar ki zubar zai yi amfani. Ki shanya a inuwa kwana 3 ko 4, ba a rana ba. In ta bushe sai ki kasa ta kashi huɗu, kashi ɗaya ki bar shi fari, kuma shi ya fi yawa don fari shi ne ƙasan zane.

Ja da karan dafi ake yi, wata irin dawa ce da ake nomawa don jan kuben ganyenta ba don hatsi ba, ita dukawa ke rina fata da ita tun kaka da kakanni. Ki samu kamar cikin hannu biyu ki daka sama sama, ki zuba a tsohuwar tukunya da ruwa lita 2, ki jefa 'yar kanwa kamar girman goro ɗaya, ki ɗora a wuta. Kanwar ce ke fito da jan, da kin saka zaki ga ruwan ya juya nan take. In ya tafasa ki nannaɗe kabar ki tura ciki ki danne da dutse, ta yi kamar minti 30 tana dahuwa a wuta kaɗan, sai ki sauke ki bar ta ta kwana a ciki. Da safe ki ɗauraye ki shanya a inuwa. Kar ki cika kanwa wai don ya ƙara ja, duhu zai yi kuma kabar ta yi rauni.

Rawaya kuma gangamau, wato kurkur ɗin da muke sawa a girki, cokali 3 a ruwa lita ɗaya a tafasa da kabar. Shi wannan ko kusa kar kanwa ta taɓa shi, in ta taɓa rawayar zata koma wani ja ja mai ƙasa ƙasa, don haka a wanke tukunyar sosai ko a canza wata. Sannan ki sani gangamau baya jure rana, faifan da aka sa masa rawaya a rataye shi inda hasken taga baya dukansa.

Baƙi shi ya fi ɗaukan lokaci. Ki jiƙa tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa a ruwa a wata roba kamar sati ɗaya, ranar da zaki rina ki daka bagaruwa ki tafasa da kabar tukuna, ki tsamo ta da ɗuminta ki tsoma a ruwan ƙusan, a gabanki zata fara yin baƙi. In bai kama sosai ba ki maimaita. Na san akwai galura a kasuwa mai kore da shuɗi da komai kuma bana hana kowa, amma gaskiya jan karan dafi yana da wani zurfi da galura bata da shi.

Ɗinkin faifan bango

Kafin ki fara ki yayyafa wa kabar ruwa ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na minti 15, a hunturu wannan dole ne kuma ki ajiye kofin ruwa kusa kina shafawa kina aiki. Ki ɗebi ciyawar nan sili 6 zuwa 8 ki haɗa da ƙashin kaba ɗaya ko biyu, shi ne cikin faifan. Ki zura kaba a basilla, ki nannaɗe bakin ciyawar tsawon gaɓar yatsa biyu sai ki lanƙwasa shi ya zama ɗan zagaye kamar dodon koɗi, ki soka basilla ta tsakiya ki ja ki ɗaure. Wannan cibiyar ita ce mai wuya, in ta baki wahala ki warware ki sake, kowa haka ya fara.

Daga nan aikin ɗaya ne har ƙarshe, ki zagayo da kabar ta kan ciyawar, ki soka basilla a gefen layin da ya gabata, ki ja da ƙarfi, ki sake zagayowa, kowane ɗinki ya manne da ɗan uwansa kar ciyawa ta leƙo. In ciyawar ta fara sirancewa ki cusa sabon sili biyu a tsakiya, kar ki jira ta ƙare gaba ɗaya, in ba haka ba wani layin zai yi kauri wani ya rame faifan ya karkace. Haka in kaba ta kusa ƙarewa ki kwantar da wutsiyarta cikin ciyawar ki ɗora sabuwa a kai, ba a ƙulli. Lokaci lokaci ki ɗora shi a kan tabarma ki danna da tafin hannu ki gani ko a shimfiɗe yake, in ya fara zurfi kamar kwano to kina ɗora sabon layi a saman tsohon ne maimakon gefensa.

Zane kuma kar ki ɗauko mai wahala a na farko. Layi 4 fari, 2 ja, 1 baƙi, ki sake komawa fari, wannan kaɗai ya isa ya yi kyau. In hannu ya faɗa sai ki fara irga ɗinki, goma fari biyar ja kina matsar da jan gaba kaɗan a kowane zagaye, zaki ga ya fito kamar yana juyawa. Faifai mai faɗin santimita 25 yana cina kamar yammaci biyar ko shida in ina yi bayan la'asar. A zagayen ƙarshe ki dinga rage ciyawar har ta ƙare siririya ki rufe bakin, ki yi ɗan hannu da kaba a baya na ratayewa.

Motar kara

Wannan na yara ne kuma wallahi in suka fara sai sun manta da waya. Ki yanka kara gaɓa gaɓa ki ɓare ɓawon a tsaye, zai fito siri siri, farin nan mai laushi na ciki shi ne totuwa. Ɓawon yana da kaifi kamar reza, ƙananan yara ke zaki ɓare musu, kuma ki hana su ɓarewa da haƙori yana yanka leɓe. Dabarar duka ita ce ɓawon shi ne ƙusa, totuwa ita ce katako, ba gam ba zare.

A samu totuwa dogaye biyu tsayinsu ɗaya, a haɗa su da gajeru uku a gicciye ana soka tsinken ɓawo ta gefe, an samu ƙasan mota ke nan. A kafa gajeru huɗu a kusurwa a tsaye, a ɗora wasu a kai a yi rufi, bodin kuma a jera tsinke kusa da kusa kamar na motar katako, yarana har kariya suke mata a sama su ɗora buhunan tsumma. Taya da sakaina ake yi, a zana zagaye da murfin kwalba a kakkarye gefen a goga a dutse ko siminti har ya yi sumul, babba ya huda tsakiya da ƙusa mai zafi. Sai a zura sille ta ƙarƙashin motar a sa taya a kowane gefe a toshe bakin da guntun totuwa kar ta fice. Ramin tayar ya ɗan fi sillen faɗi in ba haka ba bazata juya ba. A ƙarshe dogon kara guda a maƙala a gaba shi ne sitiyari. Da ragowar ake gilashin kara, a lanƙwasa ɓawo biyu su yi zobe a soka bakinsu a guntun totuwa, a sa hannaye biyu, minti biyar an gama.

Ƙwarya da sauran

Duma sai wanda ya ƙosa a jikin yaɗonsa har hancin ya bushe. A fafe, a jiƙa kwana kamar 5 cikin ya ruɓe a kankare da cokali, a wanke a kife a inuwa. In ya bushe ki zana abin da kike so da fensir, dagi ko layuka masu kusurwa, ki sa tsohuwar wuƙa mai ƙotar itace a garwashi ta yi zafi ki dinga bin zanen a hankali, wuƙa biyu ta fi, ɗaya na hannu ɗaya na wuta. A tsakar gida ake yi saboda hayaƙi. Kin gama ki shafe da ɗan man kaɗanya ki goge da tsumma.

Zangarniyar dawa kuma, kaura da farfara da ja in kin samu, ki baza a rana kwana 2 ƙwari su fice, ki ɗaure da igiyar rama ki tsaya da su a tsohon tulu a kusurwar falo, ki jefa busasshen ganyen darbejiya a cikin tulun. Wajen jera faifai babban a tsakiya ƙananan su kewaye shi, ƙoren a ƙasa, kuma duk kayan nan a nesanta su da kyandir da kaskon turaren wuta da risho, busasshen kara da kaba basa jira. Ƙurar hunturu a kaɗe ta da busasshen buroshi duk sati kar a sa ruwa, in damina ta kusa kuma ki sauke su daga bangon da yake jan danshi ki zuba a buhu da ganyen darbejiya ki rataye a sama inda gara bata kai.