Tsakuwar da za a zuba a kankare

Jama'a, masu gini a Kaduna, ku duba tsakuwa kafin tifa ta sauke. Dutsen kwari (wurin fasa dutse) da inji ya fasa yana da kaifi, siminti na kama shi sosai, shi ya fi dacewa da dakin (rufin kankare) da ginshiƙi. Tsakuwar rafi mai sulɓi ta fi sauƙin kwaɓawa, amma riƙonta bai kai ba.

Girman milimita 20 ya isa. Manya suna maƙalewa tsakanin rodi, sai an cire katako a ga ramuka.

Abin da ya fi damuna ƙura da laka ne. Suna hana siminti manne wa dutse, don haka a wanke. Idan kwaɓin 1:2:4 (awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa) ya yi tauri, kada lebura ya ƙara ruwa barkatai, ƙarfin kankaren ne ke raguwa.