AC zalla ko mai sanyi da ɗumi: wanne ya dace da ƙasa mai zafi?

Idan ka shiga shagon kayan lantarki za ka ga AC iri biyu da ido ba zai bambanta su ba. A jikin kwalin ɗaya an rubuta "Cooling only", wato sanyi kawai, ɗayan kuma "Heat & Cool" ko "Heat pump", wato mai ba da sanyi da ɗumi. Kafin ka biya kuɗi, ka san cewa wajen sanyaya ɗaki aikinsu ɗaya ne. Kowanne yana da kwamfireso, wato injin da ke matsa gas, da gas mai zagayawa a bututun jan ƙarfe, da akwatin ciki da na waje. Gas ɗin yana kwasar zafin ɗaki ya kai shi waje ya zubar. Abin da mai ɗumi ya ƙara shi ne wani bawul mai baki huɗu a cikin akwatin waje, wanda ke juya hanyar gas, sai na'urar ta koma kwasar zafi daga iskar waje tana shigo da shi ɗaki. Duk mai cewa ɗaya ya fi ɗaya sanyi saboda wannan suna, ciniki yake nema.

Saboda haka tambayar farko ita ce: dare nawa a shekara kake bukatar ɗumi? A Kano, Sakkwato, Maiduguri, Damagaram ko Yamai, sanyin hunturu na Disamba da Janairu ne, kuma yawanci bargo da rufe taga sun wadatar. Wanda ke irin waɗannan garuruwa, in ba shi da wani dalili na musamman, ya sayi mai sanyi zalla, ya zuba rarar kuɗin a kan inganci. Amma mazaunin Jos, ko Gembu a tsaunin Mambila, ko Agadas inda daren hamada ke cizo, lissafinsa daban ne. Haka gidan da ke da jariri, ko tsoho, ko mai ciwon sikila wanda sanyi ke tayar masa da ciwo. A nan mai ɗumi ya cancanci kuɗinsa. Hitar lantarki mai wat 2,000 zafin wat 2,000 kaɗai take bayarwa, alhali na'ura mai BTU 12,000 (BTU shi ne ma'aunin ƙarfin AC) tana jan kusan wat 1,000 ta ba da ɗumin da ya kai wat 3,500, domin ba ƙirƙirar zafin take ba, ɗauko shi take daga waje. Kuma ta fi kaskon gawayi aminci nesa ba kusa ba: gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar wari, wadda ke kashe mutum yana barci.

Abin da ya fi wannan zaɓi muhimmanci a ƙasarmu shi ne wani ɗan rubutu da mutane ba sa dubawa. A jikin akwatin waje akwai takardar bayani. Nemi inda aka sa T1 ko T3. Na'urar T1 an yi ta don yanayin da bai wuce digiri 43 ba, kuma ƙarfin da aka rubuta mata an auna shi ne a digiri 35. T3 kuwa an yi ta ta jure har digiri 52, ana auna ta a 46. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato da Maiduguri yakan haura 40 a inuwa, balle jikin bangon siminti da rana ta doka tun hantsi. A irin wannan rana T1 sai ta rage sanyi, matsin gas ya hau, kwamfireso ya yi zafi ya yanke kansa, ya dawo, ya sake yankewa. Mai gida ya ɗauka gas ne ya ƙare, a kira mai gyara ya ƙara gas, matsalar ta ƙaru. Da yawa daga cikin na'urori masu ɗumi, musamman na gwanjo da aka shigo da su daga Turai, don ƙasar sanyi aka ƙera su. In ya zama dole ka zaɓa tsakanin mai ɗumi T1 da mai sanyi zalla T3, ɗauki T3.

Sai girma. Auna tsawo da faɗin ɗakin, ka ninka, sannan ka ba kowace murabba'in mita kamar BTU 700. Ɗaki mai mita 4 sau 4 ya zama murabba'i 16, yana bukatar kusan 11,200, wato na'ura mai 12,000, wadda 'yan kasuwa ke kira 1.5 HP. Mai 1 HP kusan 9,000 ce, mai 2 HP kuma 18,000. Idan ɗakin a saman bene yake, ko tagarsa tana kallon yamma, ko rufin kwano ne da silin mai rauni, hau mataki ɗaya. Kada ka wuce haka. Na'urar da ta yi wa ɗaki girma tana sanyaya iska da sauri ta tsaya kafin ta tsotse laima, sai ɗakin ya yi sanyi mai danshi da damina.

Batun wuta ba a wasa da shi. AC marar inbata (inverter, fasahar da ke sarrafa gudun kwamfireso) yana fizgar wuta ninki da yawa a daidai lokacin tashi, shi ya sa ƙaramin janareta ke shaƙewa. Mai inbata yana tashi a hankali, yana rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi, don haka shi ya dace da mai sola ko janareta. Sai dai allon lantarkinsa ba ya son wuta mai hawa da sauka, kuma canza shi da tsada. Sa masa sitabilaiza, ka ja masa wayarsa daban mai kaurin murabba'in milimita 2.5 da burekarsa. In an ɗauke wuta an dawo, a bar shi minti 3 kafin kwamfireso ya tashi, don matsin gas ya daidaita. Duba irin gas ɗin kuma: R22 tsoho ne da ake janyewa a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987. Sababbin na'urori R410A ko R32 suke ɗauka, kuma ba a gauraya wani da wani.

Rabin lalacewar AC ranar ɗaura shi ake shuka ta. A kafa akwatin waje a inuwa, bangon arewa ko gabas in da hali, a bar masa kamar santimita 30 a baya da fili a gaba don iska mai zafi ta fice. Kada a kulle shi a kejin ƙarfe mai matsi. Ka tsaya ka ga mai ɗaurawa ya haɗa injin zuƙe iska a bututun na aƙalla minti 15 kafin ya buɗe gas. Wanda ya ce zai hura gas kaɗan ya kori iskar, to zai bar laima a ciki, ita kuwa tana ɓata man kwamfireso sannu a hankali. A shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututu a ga ko kumfa zai tashi. Gas ba ya ƙarewa kamar fetur. Duk AC da ake yi wa ƙari kowace shekara yoyo yake, a nemi wurin a toshe. Idan bututun ya wuce tsawon da littafin na'urar ya faɗa, galibi mita 5, sai an ƙara gas gwargwadon awon da aka rubuta.

Mai ɗumi yana da nasa halin. Idan yana ɗumama ɗaki, akwatin waje ne ke zubar da ruwa, don haka a yi masa hanyar ruwa shi ma. Bayan an kunna, fankar ciki takan jira 'yan mintuna kafin ta fara hurawa, ba lalacewa ba ce. A rimot, alamar rana ɗumi ce, alamar ƙanƙara sanyi. Kafin ka kira mai gyara don AC na hura zafi, fara duba nan, yara kan danna. In rimot daidai yake amma iskar ba sanyi ba ɗumi, ana zargin bawul ɗin nan ya maƙale a tsakiya ko ƙaramin koyil ɗinsa, wato naɗin wayar lantarki da ke motsa shi, ya samu matsala. Koyil canza shi da sauƙi, bawul kuwa sai an kwashe gas an yi walda, kuma ba kowane mai gyara ya saba da shi ba. Tambayi masu gyaran garinku tun kafin saye. Kunna ɗumi na 'yan mintuna lokaci-lokaci yana taimakawa bawul ɗin kada ya daɗe a wuri ɗaya.

Ƙurar hunturu kuwa ba ta bar kowanne ba. Cire ragar akwatin ciki duk mako biyu, ka wanke da ruwa, ta bushe a inuwa kafin ka mayar. A ƙarshen Fabrairu, kafin bazara ta kama, a kashe bureka a wanke haƙarƙarin akwatin waje da ruwa marar ƙarfi, don kada siraran faifan su lanƙwashe su toshe iska.