Darasi na Tara: Kafin Ka Canza Firosesa

Wani mai shagon cajin waya ya ajiye kwamfuta a ƙuryar shagonsa, yaran unguwa suna biya suna buga wasan ƙwallo da na tseren mota. Kwana biyu sai wasan ya fara cijewa. Ɗan wasa zai ɗauki ƙwallo, hoton ya tsaya cak, kafin ya dawo har an zura masa ƙwallo a raga. Yaran suka ce, "Kawu, firosesarka ce ta tsufa." Kawu ya lissafa cinikin sati uku, ya ɗaura kwamfuta a bayan babur, sai wajen mai gyara.

Mai gyara ya ce, "Alhaji, wa ya ce maka firosesa ce?"

"Yaran da ke wasan."

"To, ajiye kuɗinka a aljihu tukuna. Bari mu tambayi kwamfutar da kanta."

Abin da mai gyaran nan ya yi shi ne darasinmu na yau.

A cikin kwamfutar wasa akwai ma'aikata biyu da ya kamata ka sani. Ta farko ita ce firosesa, wadda ake yi wa laƙabi da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ɗan ƙaramin abu ne mai kusurwa huɗu, bai cika tafin hannu ba. Kamfanoni biyu ne suka fi yin ta, Intel da AMD. Ita ke lissafin inda kowane ɗan wasa yake, da inda ƙwallo za ta faɗa, da abin da ka danna. Na biyu shi ne katin hoto, wanda 'yan kasuwa ke kira girafik kad. Shi ke zana ciyawar fili da inuwa da fuskokin 'yan kallo, ya aika wa sikirin.

Ka ɗauke su kamar lebura da magini. Lebura yana kwaɓa siminti yana miƙo bulo, magini yana ɗorawa. In magini ne mai nawa, ko ka ɗauko lebura mafi ƙarfi a garin, ginin ba zai ƙara sauri ba, bulo ne kawai zai taru a ƙasa. In kuwa lebura ne ba ya kawo kaya a kan kari, sai ka ga magini a tsaye da cokali a hannu yana jira. A yawancin wasanni katin hoto ne ke ɗaukar kaya mafi nauyi, shi ya sa sau da yawa shi ne ke fara gajiya.

Saurin wasa da hotuna ake auna shi, wato hoto nawa kwamfuta ke fitarwa a daƙiƙa ɗaya. In an kunna ma'auninsa, a kan sikirin za ka ga an rubuta FPS da lamba a gefensa. 30 ana iya haƙuri da shi. 60 yana tafiya sumul. Sikirin na gama-gari hoto 60 kawai yake iya nunawa a daƙiƙa, don haka wanda wasansa ke zaune a 60 bai da abin da zai gani in ya ƙara kashe kuɗi, sai dai in ya sayi sikirin mai sauri.

Ga gwajin. Mai gyara ya kunna wasan, ya bar shi ya yi minti goma, sannan ya danna maɓalli uku tare: Ctrl da Shift da Esc. Wani shafi mai suna Task Manager ya buɗe. Ya shiga wajen da aka rubuta Performance. Inda aka rubuta CPU, firosesa ke nan. Inda aka rubuta GPU, katin hoto ne. Katin Kawu, GTX 1050 Ti ne na 2016, yana aiki kusan kashi 100 cikin 100. Firosesar kuwa, Ryzen 5 1600 ta 2017, ko rabin ƙarfinta ba ta yi amfani da shi ba.

Bai tsaya nan ba, domin lambar firosesa takan yi ruɗi. A cikinta akwai ƙananan ma'aikata da ake kira kwa, wannan tana da guda shida. Wani wasan ɗaya ko biyu kawai yake ɗora wa kaya, su galabaita, sauran suna hutawa, jimillar ta nuna ƙasa da rabi alhali firosesar ce ke riƙe wasan. Saboda haka sai ya yi gwaji na biyu, wanda a ganina ya fi na farkon faɗin gaskiya, kuma kyauta ne. Ya shiga saitin wasan ya rage girman hoto daga 1920 x 1080 zuwa 1280 x 720. Nan take lambar FPS ta yi sama. An rage wa magini aiki, gini ya yi sauri, ashe shi ne mai nawar. Da a ce an rage hoton amma lambar ta tsaya inda take, ko wasan ya ci gaba da cijewa duk lokacin da mutane suka yi yawa a fili, to da sai a kalli firosesa.

Sannan ya kwance murfin akwatin. Ƙurar hunturu ta toshe haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashin fanka, ta dunƙule kamar audugar katifa. Da ya ɗaga fankar, man da ake shafawa a bayan firosesa don ya kwashe zafi ya bushe ya farfashe kamar ƙanzo. Firosesa in ta kusa zafin digiri 95 zuwa 100 takan rage wa kanta sauri don kada ta ƙone, kuma a zafin watan Afrilu, cikin shagon kwano, ba wuya ta kai can. Ya busa ƙurar da bulowa, ya goge tsohon man, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Cijewar nan ta ragu sosai, ba a sayi komai ba sai mai.

Yanzu a ce gwaji ya nuna firosesar ce. Kafin ka saya, tambayi sunan gurbin da take zama a kan babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke cewa madabod. Gurbin shi ne soket, kuma ba kowace firosesa ke shiga kowane soket ba. A nan ne riba da asara suke.

Masu AMD na soket AM4 sun yi sa'a. Soket ɗin ya ɗauki Ryzen na farko a 2017, ya kuma ɗauki Ryzen 5 5600 da Ryzen 7 5800X3D da suka fito a 2022. Mutumin da ke da kati mai kyau irin RTX 3060 amma yana fama da tsohuwar Ryzen zai iya cire ta ya sa sabuwa a kan allonsa da ram ɗinsa na dā, wato sandar da ke riƙe wa kwamfuta bayanai na ɗan lokaci yayin da take aiki, ya kuma ga bambanci da idonsa. Irin wannan canjin ya cancanci kuɗinsa. Sai dai yawanci dole a fara sabunta manhajar allon, wadda ake kira BIOS, tun tsohuwar firosesa tana ciki. Kada ka yi wannan aikin da wutar NEPA tsirara. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, allon na iya mutuwa. Nemi inbata ko UPS.

In kuwa sai ka tsallaka zuwa soket AM5, lissafi ya canza, domin shi ram DDR5 kaɗai yake karɓa. Ka je sayen abu ɗaya, ka dawo da uku: firosesa, allo, ram. Haka Intel ma, takan canza soket bayan 'yan shekaru. Intel zubi-zubi take fitar da firosesocinta, kuma soket ɗinta LGA1700 ya ɗauki zubi na 12 da na 13 da na 14 ne kawai.

Kwamfutocin ofis na hannu da ake shigowa da su, irin Dell da HP da suka cika kasuwanninmu, nan aka fi yin asara. Za a ce maka, "Cire i5 ka sa i7." Sunan i7 yana da daɗin ji, amma duba lambar da ke binsa. i5-3470 da i7-3770 duk firosesocin Intel ne 'yan zubi na 3 na 2012, duk kwa huɗu gare su, kuma ɗan ƙarin da za ka samu bai taka kara ya karya ba. Windows 11 ma ba ta karɓar su a hukumance, sai daga zubi na 8 zuwa sama, ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Irin wannan kwamfutar, ka lallaɓa ta ka tara kuɗin wata.

Ta tafi-da-gidanka kuwa, laftof ke nan, yawancinsu an liƙa firosesar a jikin allo da dalma, ba ta ciruwa.

Wani lokaci ram ne ya yi kaɗan. Mai gig 8 a sanda ɗaya, in ya ƙara sanda ta biyu irinta ya zama 16, wasanni da yawa sukan daina cijewa, kuɗin kuma bai kai na firosesa ba.

Kawu dai ya biya kuɗin mai da na busa ƙura. Mai gyara ya ce, "Alhaji, ragowar ka ci gaba da tarawa, in sun kai mu nemi kati. Firosesar nan da sauranta."

Aikin gida: Je wajen kwamfutar da kake da ita, ko ta wani ɗan'uwa. Buɗe Task Manager, ka kwafi sunan firosesa da na katin hoto a littafinka, harafi bayan harafi, har da lambobin. Kunna wasa, rubuta lambar FPS. Rage girman hoto, ka sake rubutawa. Ka zo da lambobin biyu aji mai zuwa, kowa zai karanta nasa a gaban allo.