Yadda Ake Shirya Zagayen Ɗanɗana Abinci da Sauraron Tarihi a Garin Karkara

A yawancin garuruwan karkarar Kano da Jigawa ba a samun gidan abinci mai allo a ƙofa da jerin farashi a bango. Abin da ake da shi shi ne mai koko da ƙosai a bakin masallaci, da mai waina a zaure, da rumfar mai tuwo a kasuwa, da tukubar mai tsire, da matan Fulani da ke jera ƙoren nono a inuwar darbejiya. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da lokacin fitowarsa da lokacin tashinsa, kuma ba ya sauya shi domin baƙo. Saboda haka duk wanda ke son ya ɗauko mutane daga birni, ɗalibai ne ko ma'aikata ko 'yan uwa da suka daɗe a waje, ya zagaya da su a ƙafa suna ci suna jin tarihin gari, wajibi ne ya gina tafiyar a kan agogon garin, ba a kan nasa ba.

Za a fara da zaɓen gari da rana. Ranar kasuwa ta fi kowace rana armashi, domin a ranar ce abincin ƙauyukan kewaye ke haɗuwa wuri guda: Wudil tana ci ran Juma'a, Maigatari ran Alhamis, Dambatta ran Lahadi. Wanda ya zaɓi Wudil sai ya tsara yadda za a kammala zagayen safe kafin a tafi masallaci. Ta fuskar yanayi kuwa, daga kaka zuwa ƙarshen hunturu ne lokacin da ya dace, wato daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da sabon gero da wake da gyaɗa suka shigo gida, rana kuma ba ta da zafin da zai kayar da mutum. Da bazara zafi ya yi yawa, da damina kuma mutanen da za su ba da labari suna gona. Kada ayarin ya wuce mutum takwas zuwa goma, domin zauren mai waina ba zai ɗauki fiye da haka ba, kuma tafiyar kada ta zarce kilomita uku.

Kafin a sa rana, mai jagora ya je shi kaɗai ya gaida mai unguwa, shi kuma ya kai shi wurin dagaci. A nan ba a gaggawa. A cire takalmi, a durƙusa a ce, "Ranka ya daɗe, baƙi nake son kawowa su ga gari, su ci abincinmu, su ji tarihi daga bakin manya," sannan a saurari abin da zai ce. Sau da yawa shi ne zai haɗa mutum da Sarkin Kasuwa da Sarkin Fawa, ya kuma ambaci dattijon da ya fi kowa riƙe tarihin garin. Wannan gaisuwa guda tana buɗe ƙofofin da kuɗi ba sa buɗewa, tana kuma hana a tare baƙi a hanya ana tambayar daga ina suke da abin da ya kawo su.

Daga nan sai a taka hanyar da ƙafa, aƙalla sau biyu, a irin ranar da kuma irin lokacin da za a zo da baƙin, ana rubuta sa'ar da kowane mai sana'a ke farawa da sa'ar da kayansa ke ƙarewa. Na taɓa isa da baƙi wurin wata mai koko da misalin ƙarfe tara da rabi, muka tarar ta kife ƙwarya tana wanke ludaya. Ta ce mini, "Ai ɗana, kokon da ya kai hantsi ba koko ba ne, da ka faɗa mini jiya da na ajiye muku." Tun daga ranar nake zuwa wurin kowace mai abinci kwana ɗaya kafin tafiya, in faɗa mata yawanmu, in bar mata kuɗin kayan haɗi a hannu.

Tsarin ci ya bi yadda mutanen garin ke ci. Da sassafe koko da ƙosai, ko kunun tsamiya. Da hantsi waina da miyar taushe, ko ɗanwake da man gyaɗa da yaji. Idan rana ta take, a zauna a inuwa a sha fura da nono, bayan azahar a taɓa dambu ko kwaɗon zogale, sannan a rufe da nama da yamma. A roƙi masu abinci su zuba kaɗan-kaɗan, kwano ɗaya ga mutum biyu ko uku, domin baƙon da ya ƙoshi a zangon farko ba zai ƙara sauraron komai ba sai neman wurin kishingiɗa.

Babban aikin mai jagora shi ne ya fito da tarihin daga cikin kwanon da ke gaban baƙo, maimakon ya tsayar da mutane a rana yana jero musu sunayen sarakuna. Ɗanwake kaɗai ya isa darasi. Wake da kuka namu ne tun kaka da kakanni, amma rogon da ake haɗa garinsa da shi, da barkonon da ke cikin yajin, da gyaɗar da aka matse man, dukkansu daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso Afirka ba sai bayan shekarar 1492, ta hannun Turawan Fotugal masu fatauci a bakin teku. Kanwar da ke sa shi danƙo kuwa fatake ne suka riƙa kawo ta daga ƙasar Barno a kan jakuna da raƙuma, kamar yadda ayarin Abzinawa ke kawo gishiri daga Bilma. Idan aka zo kan ƙuli-ƙuli, a nan ne za a yi zancen jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama amfanin sayarwa har aka riƙa tara buhunanta ana yin dala da su. Layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Ringim da Malam Madori, kuma tsofaffin waɗannan garuruwa har yau suna iya nuna inda ake awon gyaɗa a kusa da tasha. A yankin Kura da Kadawa kuma, duk wanda aka miƙa wa shinkafa ko alkubus na alkamar gida ya kamata a faɗa masa cewa ruwan da ya shayar da su daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974.

A ganina babu zangon da ya kai gidan mai daddawa daraja, ko da yake ba a cin komai a wurin. Baƙo ya saba ganin daddawa baƙa, an faɗaɗa ta kamar tafin hannu, amma bai san wahalar da ke bayanta ba. Kalwa ce, wato ƙwayar ɗorawa, ake kwana ana dafawa a babbar tukunya ana iza wuta, a sussuke ta a turmi har ɓawon ya fita, a wanke ta sosai, a sake dafawa, sannan a zuba a rufe ta da kyau ta kwana biyu ko uku har ta ruɓa irin ruɓar da ake so, kafin a kirɓa a shanya. Warinta a rana ta uku yana korar wanda bai saba ba, amma idan aka kai shi rumfar mai tuwo daga baya ya ɗanɗani miyar kuka, da kansa zai gane inda daɗin ya fito. Haka gidan masu ƙuli-ƙuli yake: a ga yadda ake juya niƙaƙƙiyar gyaɗa ana yayyafa ruwan zafi har mai ya tsatso sama, a ware tunkuza a murza ta a soya a cikin man da ya fita daga jikinta.

Sai dai waɗannan sana'o'i na matan aure ne, a cikin gida ake yin su, kuma a nan ne ake gane mai jagora na ƙwarai. Maza su tsaya a zaure tare da maigida, a fito musu da abin da za a iya fitowa da shi, mata kaɗai su shiga, tare da wata mace 'yar garin da aka shirya da ita tun farko. A yi sallama, a ce, "Sannu da aiki, Inna," a jira a ba da tabarma. Ba a ɗaga waya a ɗauki hoton kowa sai an tambaya, kuma idan aka ce a'a, zancen ya ƙare; hoton turmi da tukunya ya wadatar. Matar da ta shekara talatin tana wannan aiki malama ce a fanninta, don haka a bar ta ta yi bayani da bakinta, mai jagora ya taƙaita ga fassara idan akwai wanda ba ya jin Hausa.

Tsakanin zango da zango ne ake biyawa ta wuraren tarihi, domin abinci ya ɗan faɗa. A Kura akwai marina da masu bugu, inda ake yin turkuɗin da Buzaye ke naɗawa. A Birnin Kudu akwai zane-zanen shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa. A Bebeji a nemi dattawa su nuna inda ganuwa ta bi, wadda sojojin Ingila suka fasa a kan hanyarsu ta zuwa Kano a 1903, a Haɗeja kuma a ba da labarin yaƙin 1906 da Sarki Muhammadu ya yi shahada a cikinsa, sannan a gangara wurin masu bandar kifi. A kowane wuri mai jagora ya rarrabe wa baƙinsa abin da aka tabbatar da abin da aka gada a baki. Cewa Rano da Biram ta Garun Gabas suna cikin Hausa Bakwai, wannan daga labarin Bayajida yake, kuma faɗin "haka kakanni suka ce" ba ya rage masa ƙima.

Batun kuɗi a gama shi tun kafin a fito. A karɓi kuɗin kowa dunƙule, a canza shi zuwa ƙananan takardu, domin tura kuɗi ta waya ba abin dogaro ba ne a ƙauye. Kada a yi ciniki da mai ƙosai a gaban baƙi, kuma a ƙara mata wani abu a kan farashin, saboda lokacin da aka ci mata da tambayoyi. Dattijon da ya ba da tarihi a kai masa goro da tukuici cikin mutunci, ba a bainar jama'a ba.

A kula da lafiya. A tambayi kowa tun farko ko yana da ciwon suga, ko hawan jini, ko gyambon ciki, ko jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, domin kusan rabin abin da za a ci akwai gyaɗa a ciki. A zaɓi abin da aka sauke daga wuta a gaban ido, a tafi da ruwan sha da sabulu, kuma a ba mai fura ruwan da za ta dama da shi.

Zango na ƙarshe tukubar mai tsire ce, bayan la'asar, sa'ad da ya gama jera tsinkaye kewaye da wuta ya fara shafa musu mai. A sanar da shi tun da safe ya ware naman, ya kuma ajiye gurasa idan ana samunta a garin, a yayyafa mata ruwa a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli a ɗumama a gefen garwashi. Daga nan mutum biyu su raka mai jagora wurin dagaci a yi godiya da sallama, direba kuma ya juya mota tun da sauran rana, yadda za a hau kwalta kafin a kira magariba.