Ɗaure ƙoƙon gwiwa da filasta: inda ake yawan kuskure

Kwanakin baya wata dattijuwa daga unguwar Birni ta zo wurina, ɗiyarta na riƙe da hannunta. Da ta ɗage zane sai na ga an naɗe gwiwar da filasta zagaye uku, tamau, kamar bakin buhun gero. Ƙafar ta kumbura daga ƙasa, fata har tana sheƙi. Na ce, "Inna, wa ya yi miki wannan aiki?" Ta ce, "Jikana ne, ɗana. A waya ya gani." Yaron bai yi ƙarya ba, ana rage ciwon gwiwa da filasta. Rabin darasin kawai ya ɗauka.

Abin da muke kira sanyin ƙashi, a gwiwa yawanci guringuntsi ne ke cinyewa, wato santsin da ke hana ƙashi gugar ƙashi. Ya fi kama mata, musamman bayan shekara 50. Ƙoƙon gwiwa kuwa yana da ɗan kwari a ƙarshen ƙashin cinya inda yake zamewa sama da ƙasa, kuma sau da yawa yakan karkata ta waje, ya riƙa gugar gefe guda. Shi ya sa mace za ta yi tafiya a fili lami lafiya, amma tashi daga tabarma ko hawa matakala ya gagare ta. Aikin filasta shi ne ta ɗan tura ƙoƙon ciki, ta sauke masa nauyi. Jenny McConnell, wata likitar gashin ƙashi 'yar Ostireliya, ita ta bayyana dabarar a 1986. A 2003 aka wallafa sakamakon gwajin da aka yi mata a Melbourne a kan mutum 87 masu wannan ciwo: cikin waɗanda aka ɗaure wa yadda ya kamata na mako 3, kashi 73 cikin 100 sun ce ciwon ya ragu. Cikin waɗanda ba a sa wa komai ba, kashi 10 ne kawai.

Kuskuren jikan nan shi ne ya fi yawa: zagaye gwiwa gaba da baya. Bayan gwiwa hanyar jini ce, ba a matse ta. Filastar ƙoƙo gajera ce, gaba kawai take tsayawa. Ga yadda ake yi. Mai ciwo ta zauna a kan gado ko tabarma, ta miƙe ƙafa, ta saki cinya gaba ɗaya. Ke mai ɗaurawa, ki taɓa ƙoƙon da yatsa, in yana motsi hagu da dama, to ta saki jiki. Ki fara shimfiɗa farar filasta mai laushi a kan fata, ba tare da ja ba. Sannan ki ɗauki mai tauri, wadda ba ta miƙewa, ki liƙa bakinta a gefen ƙoƙon ta waje. Da babban yatsa ki tura ƙoƙon zuwa ciki, wajen da ke fuskantar ɗaya ƙafar, sauran yatsun kuma su tattaro naman gefen ciki zuwa gare shi, sai ki ja filastar ki manne. In kin yi daidai za ki ga fatar gefen ciki ta ɗan tattare.

Wasu kuma suna juya hanyar, su ja ƙoƙon waje, su ƙara masa abin da yake fama da shi. Wasu suna liƙawa mai ciwo tana zaune a kujera gwiwa a lanƙwashe, lokacin da ƙoƙon ya kafe ba ya motsi. Akwai gwaji mai sauƙi da ke tona duk wannan. Kafin a ɗaura, ta tashi daga kujera ko ta taka dakalin ƙofa, ta ji inda ciwon yake. Bayan an ɗaura ta sake. In ciwo bai ragu nan take ba, a cire a gyara. Ba abin da ake jira ya yi aiki gobe ba ne. Ni a ganina karo na farko ya kamata kine, wato likitan gashin ƙashi, ya yi, a asibiti, 'yar gida tana kallo, ta kuma gwada a gabansa.

Sai maganar mai. Iyayenmu ba sa rabuwa da man kaɗanya da man zafi, kuma gwiwa mai ciwo ita ta fi shan shafa. Filasta ba ta kama fata mai maiƙo, kafin azahar ta saki. Man zafi a ƙarƙashinta kuwa ƙuna ce. A wanke da sabulu, a bar wurin ya bushe sarai. In akwai gashi a aske tun jiya.

Zafin Damagaram ma yana da nasa hukunci. A wancan gwaji na Melbourne mako-mako ake sauya filasta, amma Melbourne ba ta san Afrilu da Mayu namu ba, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Gumi yana taruwa a ƙasa, ƙuraje su fito. Ni ba na bari ta wuce kwana 2 ko 3, sannan a ba fata hutun dare ɗaya. Kuma kada a tsallake farar ta ƙasa don tsimin kuɗi, fatar tsohuwa sirirya ce. Wurin cirewa kada a fizge. A jiƙa gefen da ɗan mai, nan ne man kaɗanya ke da amfani, a danne fata da yatsa a riƙa ɓarewa a hankali. Ƙaiƙayi mai tsanani ko ja, a cire ba jira. Masu tambayar alwala, ba ta kai gwiwa, ba abin damuwa. Bayan wanka a dafa wurin da tawul, kada a goge.

Akwai gwiwar da ba a sa wa filasta sam. Wadda wanzami ya yi wa tsaga ko ƙaho, sai tsagar ta warke. Mai ciwon suga da ƙafarta ta fara mutuwa ba ta jin taɓi, sai da izinin likita, domin fata za ta iya salewa ba ta sani ba. Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ko sha-raɓar da ta kumbura ƙafa ɗaya, wannan asibiti za a nufa ranar, ba farmasi ba.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici yana zuwa ne bayan an yi komai daidai. Ciwo ya lafa, sai Hajiya ta ɗauki ɗaya cikin biyu. Ko ta ce ta warke, ta koma tsugunno wurin wanki da girki, ta ɗauki bidon ɗin ruwa mai lita 25 ranar da famfo ya ɗauke. Ko kuma yara su kewaye ta, "Inna ki zauna, kada ki motsa," har cinya ta zube. Filasta ba ta mayar da guringuntsin da ya cinye. Sarari take bayarwa a ƙarfafa tsokar cinya, wadda ita ce ke riƙe ƙoƙon a hanyarsa. A zaune ƙafa a miƙe, ta danna bayan gwiwa ƙasa ta ƙirga biyar, ta saki, sau 10, safe da yamma. In ta saba, ta ƙara da tashi da zama a kujera mai tsawo. Tafiya a fili da sanyin safiya tana da kyau. Kujera 'yar tsugunno a sauya ta da mai tsawo, domin tsugunno mai zurfi yana ɗora wa ƙoƙon nauyin jiki ninki-ninki. Mai jiki kuma, duk kilo 1 da ta rage, gwiwa na samun sauƙin kusan kilo 4 a kowane taku. Salla a kujera ranar da ciwo ya tashi, malamai sun halatta, kunyar idon mutane ce ke hana da yawa.

Ita dattijuwar Birni, mun yanke naɗin da almakashi, muka bar fata ta huta kwana 4. Da suka dawo sun zo da jikan, shi na koya wa. Sau biyu yana ja ta waje kafin hannunsa ya gane, kakar tana ce masa, "Kai, ba akuya kake ɗaurewa ba."