Tabarau mai kyamara: inda kai ya dosa yake ɗauka

Jama'a, ga mai ɗaukar bidiyon aikin hannu da tabarau mai kyamara: ka sunkuyar da kanka gaba ɗaya, kada ka sauke ido kawai.

Kyamarar a jikin firam take, ba ta bin ƙwayar idonka. Kai kana kallon sukurun da kake kwancewa, ita kuwa tana can tana ɗaukar bango. Sai ka gama aikin minti 10, ka buɗe bidiyon, ka tarar hannunka bai fito ba, caji kuma ya tafi a banza.

Kafin ka fara, ajiye farar takarda daidai inda za ka yi aikin. Ɗauki gwajin daƙiƙa 10, ka duba. In takardar ta fito a can ƙasan hoton, ɗaga aikin bisa tebur mai tsayi, ya fi sauƙi ga wuya.

Ka lura da inda kyamarar take. A samfurin tabarau na Ray-Ban Meta, gefen hagunka take in ka saka shi, don haka abu na kusa yakan karkata dama a hoton. Matsar da aikin hagu kaɗan.

Juya kai a hankali, domin duk waiwaye yana shiga bidiyon.

Dabarar ba ta aiki in abin ya matso dab da fuska. Galibin waɗannan kyamarori ba sa saita kansu ga abu na kusa, hoton zai yi dishi-dishi. Haka ma in haske ya yi ƙaranci.

In wani zai fito a ciki, nemi izininsa tukuna.