Yadda ake tara tsofaffin hotunan ƙungiyoyin besbol na Amurka

Mai son tara hotunan ƙungiyoyin besbol (wasan buga ƙwallo da sanda) na farkon ƙarni na 20 ya sani tun farko cewa takardar yake saye. Hoton ƙungiyar Boston da ta doke Pittsburgh a gasar World Series (ta fitar da zakaran besbol) ta farko a 1903 kowa na iya buga shi yau a kan sabuwar takarda. Abin nema shi ne wanda aka wanke a wancan zamanin.

Da farko ka zaɓi fanni guda. Manyan ƙungiyoyi suna da tsada, musamman idan aikin mai ɗaukar hoto Charles Conlon ne ko na kamfanin hotunan labarai na George Grantham Bain. Ni dai na fi ba sabon shiga shawarar ya fara da ƙungiyoyin ƙananan garuruwa da na ma'aikatan masana'antu, don kuɗinsu da sauƙi, masu yin jabunsu kuma ba su da yawa. Hotunan ƙungiyoyin baƙar fata, irin na gasar da Rube Foster ya kafa a 1920 lokacin da aka hana su wasa da turawa, ba su da yawa a kasuwa, kuma sun cancanci a adana su da daraja.

Idan hoto ya zo hannunka, juya bayansa kafin ka tsaya kallon fuskoki. A nan ake samun hatimin mai ɗaukar hoto, da rubutun fensir, wani lokaci har da guntuwar takardar bayani da gidan jarida ya liƙa. Da yawa daga hotunan ƙananan ƙungiyoyi a kan katin aika saƙo aka wanke su. Idan akwai layin da ya raba bayan katin gida biyu, to daga 1907 ne zuwa sama, domin a shekarar Amurka ta yarda da hakan. Duba kuma ɗan akwatin da ake manna kan sarki. In an rubuta AZO, sunan wata takardar wanke hoto, kuma alamomi huɗu masu kusurwa uku duk suna kallon sama, takardar ta tsakanin 1904 da 1918 ce. In biyu na sama biyu na ƙasa, daga 1918 ne zuwa 1930.

Sai ka ɗauko gilashin ƙara girma. Hoto na gaske inuwarsa a shafe take sumul, na bugun inji kuwa ɗigo-ɗigo za ka gani a jere. Bayan haka ka shiga ɗaki mai duhu da fitilar nan da ake duba jabun kuɗi da ita. Takardar da ta yi ƙyalli fari fat tana ɗauke da sinadarin da sai a shekarun 1950 aka fara sa wa takardar hoto. Amma rashin ƙyalli shi kaɗai ba shaida ba ce.

Rigunan 'yan wasa ma suna magana. Lamba a bayan riga sai a 1929 ta zauna, a Cleveland da New York Yankees. Ita kanta Yankees ɗin, kafin 1913 Highlanders ake kiranta.

A wajen gwanjo za ka riƙa jin ana cewa "Type I". Kamfanin tantancewa na PSA yana nufin hoton da aka wanke daga ainihin fim ɗin cikin kimanin shekara biyu da ɗaukarsa, kuma shi ya fi kowanne tsada. Kada ka biya irin wannan kuɗi sai ka ga hoton gaba da baya, an kuma amince za ka iya mayarwa.

Wajen ajiya, sa kowane hoto a rigar leda ta poliyesta, ban da ledar PVC mai lalata shi, nesa da rana da laima. Kada ka manna masa salatif, kada ka yanke gefensa da ya tsufa. Abin da ka gano game da ƙungiyar, rubuta shi da fensir a wata takarda daban ka ajiye tare da shi.